Ranar da Sarkin Gishiri Ya Gyara Filin Ƙanƙara

Godiya ta tabbata ga Wanda ya daskarar da ruwa har ya ɗauki nauyin mutum. Bayan haka, ban san wata ni'ima da aka yi wa garinmu na Haslbrunn, a gindin duwatsun Bavariya ta ƙasar Jamus, da ta kai Korbinian Hinterleitner ba. Shi ne jami'in kula da tituna. Dokar gari ce kowane mai gida ya barbaɗa gishiri a ƙofarsa da hunturu don ya narkar da ƙanƙara kada mai wucewa ya zame, shi kuwa ya riƙe dokar nan riƙon da ko malamin fiƙihu bai yi wa babin tsarki ba. Muna ce masa Sarkin Gishiri. Ya ji, ya ɗauka sarauta ce.

Shekarar da aka kafa babbar gasar hokin ƙanƙara ta ƙasa, wato wasan ƙwallon sanda da ake yi ana zamiya a kan ƙanƙara, ƙungiyarmu ta sami shiga, aka naɗa shi shugabanta, domin shi kaɗai ke da doguwar hular da ta dace da hoto. Bai taɓa ɗaura takalmin ƙanƙara ba. Yakan ce, "Shugaba ba ya zamiya. Yaransa ke yi a madadinsa."

Aka zo wasan ƙarshe, a filinmu da ba shi da rufi, wanda ruwa kawai ake fesa masa, sanyin Allah ya ƙarasa aikin. In mun ci mu zauna a gasar, in mun rasa a mayar da mu rukunin ƙauyuka. Sai bawan Allah ya ƙudurta cewa tsakiyar fili zai taka da ƙafarsa ya yi jawabi.

Kyaftin ɗinmu Quirin ya ce, "Ranka ya daɗe, yi jawabin daga gefe mana. Ko kuwa mu turo ka a kan kujera."

"Ni? A kujera, kamar buhun dankali? Yaro, mai mulki da ƙafarsa yake isa."

Ranar wasan, Lahadi da safe, jama'a na coci, ya iso da amalanken hukuma cike da gishiri. Ya shimfiɗa titin gishiri daga ƙofa zuwa tsakiya. Ya faɗaɗa shi saboda masu badujalar da za su rako shi. Ya hangi bakin ragogi biyu da ake zura ƙwallo suna ƙyalli, ya ce wannan haɗari ne bayyananne, ya zuba musu nasu rabon. Da na hukuma ya ƙare, ya koma ya kwaso na gidansa. Irin wannan sadaukarwa sai a littattafan magabata.

Da azahar ya tako, ƙasaita ta cika fili.

"Ya ku mutanen Haslbrunn! Ku dube ni, tsaye daram a inda wasunku ke rarrafe! Wannan shi ake kira tsari!"

Ya faro daga tarihin kakansa. Kafin ya iso kan haihuwarsa ruwa ya shanye takalman masu badujala. Alƙalin wasa ya caka sanda a bakin raga, ta fito da taɓo. Ya yanke hukunci cewa masu gida sun kasa samar da fili, ya ba baƙi wasan ba tare da an buga ba. La haula wa la ƙuwwata illa billah.

Quirin ya yi jifa da safar hannunsa. "Kawu Korbinian, ka kashe mu!"

"Na kashe ku? Nuna mini mutum ɗaya da ya faɗi a filin nan yau. Bincika tarihin wasan kaf, ba a taɓa yin haka ba sai a zamanina!"

Ya nufi gida ƙirji a gaba, gari na biye da shi shiru kamar masu rakiyar gawa. Yana ɗora ƙafa a dakalin ƙofarsa, inda ko ƙwayar gishiri ba ta saura ba, sai ƙafafu suka yi sama, doguwar hula ta gangara kwata.

Maƙwabciyarsa Kreszenz, tsohuwar da ya shekara yana yi wa faɗa a kan gishiri, ta leƙo ta taga.

"Ayya, sannu, ranka ya daɗe! Ƙofar wane sakarai ce wannan, mu kai ƙararsa wurin hukuma?"