Bulala Biyu Kafin a Ba Ni Alli

Ba zan taɓa mantawa da safiyar da na je neman aikin koyarwa a wata makaranta ta ƙasar Kurfi ba, ko da kuwa na so in manta. Lokacin ba a daɗe da samun mulkin kai ba. Na gama makarantar horon malamai, ina zaune gida a Dutsin-Ma, hukumar En'e ba ta tura ni ko'ina ba. Kullum in wanke ƙafa in zaga makarantu ko wani malami ya kwanta ciwo in riƙe masa aji (Allah Ya yafe mini wannan fata), kullum a ce in sake dawowa. Baba ya gaji, ya ce in har gero ya isa girbi ban samu aiki ba, in bi shi gona Karofi, zancen boko ya ƙare.

Kwatsam sai ga labari wani malami a makarantar nan ta ƙasar Kurfi ya faɗo daga keke ya karye, ana neman mai riƙon ƙwarya. Na ari babbar rigar yayana da kekensa, na kama hanya. Damina ce, rafi ya kawo. Don kada rigar mutane ta ɓaci, na tuɓe ta na ninke na ɗaure a bayan keke, na saura daga ni sai gajeren wandon kaki da 'yar farar taguwa. Kafin ruwa ya janye in haye, rana ta ɗaga. Ina jin ƙararrawa daga nesa hankalina ya tashi, na manta da wata riga a duniya.

A nan sai in faɗi gaskiya: ni gajere ne, siriri, ko gashi ɗaya babu a haɓata. 'Yan aji huɗu na lokacin kuwa ƙarti ne, wasu ma sun isa aure.

Na jingine keke a bakin darni, na hango hedimasta, wani dattijo mai furfura, tsaye gindin dalbejiya ya ba ni baya. Ga yara kusan goma a jere a durƙushe. Ni da aka yi wa tarbiyya, ai ba na gai da babba a tsaye. Na tuɓe takalmi, na matsa kusa da na ƙarshensu, na tsuguna, na sunkuyar da kai, na ce, "Ranka shi daɗe, ina kwana?" Muryar ma ba ta fito sosai ba.

Ashe layin 'yan makara ne.

Na ji ƙarar tsumagiya tana matsowa, ɗaya bayan ɗaya. Zuciyata ta ce tashi. Wata zuciyar ta ce a'a, babba bai amsa gaisuwa ba ka miƙe? Shi ke nan ka rasa aiki! Ina cikin wannan shawara na ji tsau! a gadon baya. Kafin in ce innalillahi, an ƙara mini.

"Kai ɗan aji nawa ne? Ban san wannan ƙeyar ba."

Na ɗago, idona ya kawo ruwa, na ce, "Ranka shi daɗe, malami ne ni."

"Mi ka ce?"

"Aiki na zo nema."

Tsumagiya ta faɗi daga hannunsa. Ya yi salati, ya sake salati, ya ce, "To kai Malam, don Allah mi ya hana ka magana?" Na ce ai ina jira ya amsa gaisuwa ne. Wani ƙato da ke kusa da ni ya toshe baki, kafaɗunsa suna rawa. Wallahi da ƙasa ta tsage da na shige.

Ya ja ni ofis, ya sa na je na sako rigata. Ni na tabbata na gama yawo, har ina hango kaina cikin gero. Sai ya miƙo mini alli ba tare da ya dube ni ba, ya ce in shiga aji huɗu. Har yau ban sani ba, cancanta ce ko kunya ce ta sa ya ɗauke ni.

Washegari ya danƙa mini tsumagiyar, wai ni zan tsare 'yan makara. Na farko a layi shi ne ƙaton nan. Ya dube ni a ladabce, ya ɗan matsa gefe, ya bar mini wuri.

Ban doki kowa ba ran nan. Tun daga lokacin kuma, kafin in tsuguna gai da babba, sai na duba abin da ke hannunsa tukuna.