Gahawar Alhaji Mamuda Mai Kumfa

Wani mutum ne, Alhaji Mamuda, yana da ofishin kai mutane Umara a Kano. Sau ɗaya jirginsu ya yada zango a Istanbul, awa uku cur, amma har gobe in ya buɗe baki sai ya ce, "Lokacin da muke Turkiyya."

Rannan ya ji shugaban 'yan kasuwar Kwari, Alhaji Barau, zai zo duba ofis kafin ya ba shi aikin kai mutum arba'in. Ya ce irin wannan baƙo ya fi ƙarfin shayi. Ya nufi kantin sayar da injin gahawa.

Mai kanti ya nuna masa biyu. Ɗaya ana haɗa shi da famfo, ya ja ruwa da kansa. Ɗayan yana da ɗan tanki, a zuba masa ruwa da hannu. Ya ba shi shawara ya ɗauki mai tanki, tunda famfon gari sai ya ga dama.

Alhaji Mamuda ya dube shi sheƙeƙe. "Ni zan riƙa ɗura wa inji ruwa da buta? Mai shayi ka mai da ni? A gininmu famfo ba ya ko atishawa."

Ya ɗauki na famfo. Mai gyaran famfo ya zo ya murɗa kai. Fuuu. Iska ce da gizo-gizo biyu. Rabon famfon nan da ruwa tun kafin a yi wa ginin fenti.

Mayar da inji kuma abin kunya ne. Sai Alhaji ya tuna akwai mai wanki da guga a bayan ofis, Malam Tanko, mai ƙatuwar durom da 'yan garuwa ke cika masa kullum. Ya sa aka huda bango aka zura tiyo cikin durom ɗin a ɓoye, aka haɗa ɗan injin jan ruwa. Aka gwada, gahawa ta fito zam-zam.

Ranar zuwan baƙo, aiki ya yi wa Malam Tanko yawa, duk wani baho nasa ya cika, ya jiƙa ragowar kaya a durom.

Alhaji Barau ya zauna. Alhaji Mamuda ya yi masa lacca kan yadda Turawa ba sa taɓa ruwa da hannu, sannan ya danna maɓalli. Ƙurrr. Gahawa ta zubo, kumfa ta taso har ta yi hula.

"Ka ga wannan kumfar, ranka ya daɗe? Ita ake biya a Istanbul."

Baƙo ya kurɓa. Don kara ya ƙara kurɓa, ido ya kawo ruwa. Kumfa kuwa ba ta tsaya ba, ta bi tebur, ta sauko kan kafet.

Sai ga sallama. Malam Tanko ne, hannu duk sabulu, ya biyo tiyo yana neman wanda ke zuƙe masa ruwan jiƙo. Yana ganin baƙon ya durƙusa, ashe mai kawo masa wanki ne tun da daɗewa. Ya dubi kofi, ya dubi inji.

"Ranka ya daɗe, kada ka damu, ba na kowa ba ne. Safarka ce da singiletinka a ciki."