Rasuwar Mai-Biyar, Agogon Masallacinmu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma kan da ya kasa ɗaguwa, Injiniya Yazid na nan Daura yake sanar da rasuwar Mai-Biyar, agogon lokutan salla da ya haɗa da hannunsa, ya kafa a masallacin unguwa.

Marigayin mai ladabi ne, bai taɓa ɗaga murya fiye da "tit-tit-tit" ba. Saboda shi ladan Malam Audi ya daina fita duba rana, Yazid kuwa ya samu laƙabin Injiniya da gurbi a sahun farko.

Ashe da ciwonsa aka haife shi. Cikin umarnin da Yazid ya rubuta masa akwai sashe guda, metod a bakin masu sana'ar, mai lissafa lokuta biyar ya jera su. Maimakon Yazid ya nema wa jerin mazauni na dindindin a ma'adanar ƙwaƙwalwa, sai ya sauke shi a ɗakin aro, irin wanda ake karɓewa da zarar metod ya gama aiki, ya miƙo adireshin ɗakin kawai. Muddin ba a saukar da wani baƙo a ciki ba, lafiya lau. Yazid ya gwada, ya ga daidai, ya tafi shan yabo.

Baƙon ya sauka ana cikin azumi, ranar da hadari ya rufe gari. Marigayin ya leƙa ɗakin, ya tarar da lambar da ba tasa ba, ya yi tit-tit-tit da gaskiyarsa. Malam Audi ya kira magariba. Unguwa ta sha kunu, ta ci ƙosai, sannan hadari ya washe, ga rana tsaye tana kallon kowa. Kafin isha liman ya sa aka zare wa marigayin waya, bai sake farfaɗowa ba.

Ya bar batir ɗaya, da ƙusa a bango, da maginsa wanda yanzu yake salla a masallacin tasha, inda ba a san shi ba. Kunya ta hana shi ko bin layin mai ƙosai.

Za a yi jana'iza ranar Litinin bayan sallar la'asar, gwargwadon inuwa, a kwandon tarkacen shagon Damian mai gyaran rediyo. Ana roƙon masu ta'aziyya kada su kawo abinci, domin a ranar ce duk unguwa take rama azumin.