Ranar da Na Ba Dauda Tarihin Dauda

Takalmin taya na fara gani a ƙofar garejin unguwar Changli, inda ƙungiyar makaɗan da yayana Inusa ke shugabanta ke gwajin kiɗansu mai sauri na gita da kakaki. Na san takalman kowa, wannan baƙo ne. Shekarar yunwa ce, makaɗan suna ta canzawa. Mai ganga ya koma noma, mai gita ya bi mota Kumasi. Ni da ko a aji ba na ɗaga hannu, ina taƙama babu wanda ya kai ni sanin ƙungiyar.

Na ajiye tuwon da Mma, mahaifiyarmu, ta aiko. Wani ramamme mai gemu yana goge kakaki, sai na ga ya dace in wayar wa sabon shiga kai.

"Dauda ne ya kafa ta ina ƙarama," na ce, "amma ya gudu Legas da kakakinsu. Yaya Inusa ya ce dama busarsa kamar akuya ta maƙale a katanga."

Inusa ya kafa wa ƙasa ido.

"Ƙanwata," in ji mutumin, "an koro akuyar daga Legas, ga ta ta dawo."

A ranar shugabanci ya bar hannun Inusa ya koma na Dauda, Inusa ya daɗe ba ya amsa gaisuwata. Dauda kuwa, ko a kasuwa ya hango ni sai ya yi kukan akuya. Su suka yi kiɗan bikina. Kafin su fara na ja shi gefe.

"Yaya Dauda, don Allah, ban da gaban surukaina."