Abayar Hajiya Babba

Ba zan taɓa mantawa da walimar sunan jikan maigidana ba, kuma na tabbata waɗanda suka halarta ma ba su manta ba.

Ni haifaffen Makka ne, a unguwar Nakkasa na tashi, iyayena mutanen Sakkwato. Sai da na zama saurayi likita ya gaya wa mahaifiyata sunan abin da ke tare da ni: tawahhud, wanda wasu ke kira otizim. Hayaniya shiga kaina take yi kamar ƙusa, ba na iya kallon ƙwayar idon mutum, kuma duk abin da aka faɗa mini haka nake ɗaukarsa, ba ƙari ba ragi. An sha sallamata daga aiki saboda haka, kafin yayana ya kai ni wajen Ammu Salihu (Ammu shi ne Baffa da Larabci), wani dattijo mai shagon dabino da tsarabar alhazai, wanda kakanninsa suka zo daga Kano. Ya sa ni a ɗakin ajiya ina shirya kwalaye, inda ba mai yi mini magana. Ban taɓa son wuri kamar ɗakin nan ba. Kuma shi ne kafilina, wato mai tsaya mini a wajen hukuma, iƙamata, takardar izinin zamana a ƙasar, a hannunsa take. Idan ya kore ni, ba aikin kaɗai zan rasa ba.

Saboda haka da ya gayyace mu walima a gidansa na unguwar Zahir, ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ban ga hanyar ƙi ba. Mahaifiyata ta goge mini farin tob ɗina, wato jallabiyata, ta yi ta nanata mini: in yi sallama, in ce mabruk, wato barka, in ci abinci, kada in toshe kunne a gaban mutane.

Ammu Salihu ya tarbe ni a ƙofa, ya rungume ni (na daure), ya ce, "Ahlan ya waladi, maraba da ɗana. Gidan nan gidanka ne, ka sake."

Majalisar maza, wato falon baƙi, cike take. Hayaƙin turaren wuta, yara suna tsere, talabijin a kunne ba mai kallo, kowa yana magana a kan maganar wani, rabi Hausa rabi Larabci. Na zauna ina matse gwiwoyina. Can sai na ji hayaniyar ta fara huda mini kai. Na san alamar. Idan ban tashi ba, zan yi ihu a gaban baƙin maigidana. Sai na tuna an ce gidana ne. Na miƙe na bi wani lungu, na tura ƙofar da na fara gani.

Ɗaki ne mai sanyi da duhu, shiru kamar an yi shi domina. Na zauna a ƙasa kusa da taga, na toshe kunnuwana, ina kaɗa jikina har hankalina ya dawo. Da ya dawo ne na lura da abin da ke kan gado: jakunkunan mata da abayoyi a jibge. A daidai lokacin na ji muryoyin mata suna tahowa.

Ban san yadda zan kwatanta muku tsoron nan ba. Namiji baƙo a ɗakin matan gidan mutane, a Makka. Na hango 'yan sanda, na hango an ɗora ni a jirgi zuwa ƙasar da ban taɓa takawa ba, na hango fuskar mahaifiyata. Na faɗa bayan labule na runtse ido (har yau ina iya rantsuwa ban ga kowa ba). Suka shigo suna dariya, suka ɗauki abin da za su ɗauka, suka fita.

Ina nan tsaye aka sake buɗe ƙofa. Mutum ɗaya ce, tana jan ƙafa. Na ji ta shimfiɗa sallaya ta tayar da la'asar. Da ta sallame sai ɗakin ya yi tsit. Ashe yatsun ƙafata sun leƙo ta ƙarƙashin labulen.

"Wanda ke bayan labulen nan, mutum ne ko aljan?" Muryar tsohuwa ce, ko rawa ba ta yi ba.

"Mutum," na ce.

"Me ya kawo ka ɗakina?"

"Ammu ya ce gidana ne."

Sai na ji tana dariya ta hanci. Ta tambaye ni ko ni ne yaron ɗakin ajiya da ba ya magana, na ce ni ne. Ita ce Hajiya Babba, mahaifiyar maigidana. Ta ce lungun da na biyo yanzu ya cika da mata, an kawo musu abinci, kuma in suka ga namiji ya fito daga nan, ihun da za su yi sai ya tara unguwa. Ta ɗauko abayarta da mayafi ta lulluɓe ni tun daga kai, ta kama bakin hannun rigar ta ja ni, tana gaya wa matan wata baƙuwa ce ba ta jin daɗi.

Da mun tsira. Amma a ƙofar waje Ammu Salihu yana tsaye yana sallamar baƙi, har da yayana da abokan aikina. Da ya ga mace sai ya sunkuyar da kai don kunya, kuma sunkuyawar ce ta tona ni. Hajiya gajeriya ce, abayarta a ƙwaurina ta tsaya. Ƙasa da ita ga farin tob, ga manyan ƙafafu masu gashi, ba ko takalmi.

"Ummi, wace ce wannan?" ya tambayi mahaifiyarsa a hankali.

Ba ni aka tambaya ba. Amma ni in na san amsar tambaya ba na iya riƙe ta. Daga cikin mayafin, da muryata ta ƙato, na ce, "Ni ne, Ammu."

Yayana ne ya kai ni gida. Washegari na tafi shago ina jiran a miƙo mini takardun sallama. Ammu Salihu ya same ni a cikin kwalaye. Ya ce Hajiya ta ba shi labari duka, ta kuma hana shi yi mini faɗa. Ya tambaye ni me ya sa ban taɓa gaya masa hayaniya tana yi mini haka ba. Na ce bai taɓa tambaya ba. Sai ya ce daga yau in an yi taro a gidansa in zo bayan mutane sun watse, in ci abincina in tafi.

Yanzu duk inda aka gayyace ni, tun a ƙofa nake gaya wa mai gida abin da ke tare da ni, in roƙe shi ya nuna mini inda zan tsaya in abin ya motsa. Da nauyi a baki, amma nauyin na ɗan lokaci ne. Ɓoyewar da na yi kuwa, har na bar shagon nan Hajiya Ƙarama ake kirana.