Rasuwar Mai Rage Hasken Falonmu

Da zuciya mai nauyi, mai cike da baƙin ciki har baki, nake sanar da 'yan uwa da maƙwabta rasuwar na'urar rage hasken fitila ta falonmu, wadda na haɗa da hannuna. Ta rasu jiya da yamma, bayan gajeriyar jinya mai ƙauri.

Marigayiyar ba 'yar kanti ba ce. A kan teburin karatuna aka haife ta, tsakanin littattafai da dalma. Na yi ta ne domin matata, wadda ta ce hasken falon kamar na ɗakin tiyata yake, ko kalmar soyayya aka faɗa a ƙarƙashinsa sai ta zama sakamakon gwajin jini. Da marigayiyar ta zo, murɗa ɗaya sai ɗaki ya koma ruwan zuma. Mai haƙuri ce, ba ta da surutu in ban da ɗan "zzzz" da take yi in an rage ta sosai. Ni na ɗauka nishin ƙauna ne. Ashe ciwo ne.

Cutarta daga gidanta ta samo asali. Da na tashi nema mata mazauni, ban ga abin da ya cancance ta ba sai gwangwanin alewar da matata ta fara ba ni kyauta tun muna zance. Na ƙarfe ne. Na huda shi da ƙusa, na zura wayoyin wutar gida ta ramin ba tare da na sa wa bakinsa roba ba. Fiyus ban sa ba, wayar da ke kai wuta ƙasa ma na ga za ta ɓata mata kyau. Kaifin ramin ya yi ta cin rigar waya a hankali, har ranar da matata ta kai hannu wuta ta ja ta, ta yar da kofin shayi. Marigayiyar ta ce "tas!", ta fitar da hayaƙi, gidan duka ya yi duhu. Yatsan matata ya tashi, amma da sauƙi, kuma ban daina godiya ba. Tun daga lokacin dai ko biro na miƙa mata sai ta tambaya ko ni na haɗa.

Ta rasu ta bar ƙwan fitila ɗaya da ya ƙone, da guntun salatif, da ni.

Abin da ya fi ci min rai, gawa ba ta huce ba yayan matata ya iso da mai gyaran wuta da wata sabuwa a kwali. Fara fat, jikin roba, da fiyus ɗinta, ba ta san komai game da mu ba. Sai da suka kashe babban makunnin gida, suka gwada waya, sannan suka taɓa ta, kamar wata 'yar sarauta. Tawa kuwa da wuta a jiki na yi ta gyara ta. Yanzu matata tana murɗa wannan baƙuwar da yatsa biyu, tana cewa, "Kai, Yaya ya iya zaɓe. Ji shiru." Ni da na ƙona babban yatsana da dalma, ko sau ɗaya ba a ce na iya zaɓe ba.

Za a yi jana'iza gobe da safe a gaban kurar mai sayen tsoffin ƙarafa. Ba a buƙatar masu cewa "ai mun faɗa maka". Yayan matata ya wakilce su duka.

Na kuma sanar a tsakiyar falo, matata tana ta dariya a cikin mayafi: "Na bar wasa da wutar gida, na yarda. Amma daga yau ni zan riƙa murɗa farar nan. Kada hannunki ya sake taɓa ta!"