Ranar da Ciwon Suga Ya Sa Na Tayar da Unguwa

Ba zan taɓa mantawa da safiyar da na tayar da unguwarmu kaf ba, ni da ko tsawa ban iya yi wa yara ba.

Ciwon suga ne mafari. Malamar asibiti ta ce in rage tuwo, in yawaita ganye, kullum kuma in taka. "Ba tafiyar zuwa barka ba, Mama. Da sauri, har ki yi gumi." Na riƙe maganar, don ciwon nan ne ya ci ƙafar yayata.

Kunya ta hana ni gaya wa kowa. Washegari da sassafe na ɗaure zani tamau, na zura hijabi, na nufi cikin gari ina zabga sauri. (Na manta gidanmu a bakin daji yake, kuma a Birnin Gwari mace mai shekaruna ba ta sauri a banza.)

Maƙwabciyata Asabe mai ƙosai ta ƙwala mini kira: "Maman Sani, lafiya?" Haki ya hana ni amsawa, na ɗaga mata hannu na wuce.

Can na ji taku a bayana. Na waiga, ga Asabe da goyo, ga mata da yara, ga Malam Audu ladan yana jan akuyarsa. Ganin mutane na gudu, ni ma na ɗauka ɓarayin daji ne, na ƙara mai! Ni ina gudu don su, su suna gudu don ni.

Sai bakin kasuwa muka tsaya. 'Yan sa-kai suka iso kan babura. "Ta ina ɓarayin suka ɓullo?"

Asabe ta nuna ni. "Ita ta gan su."

Na sunkuyar da kai. "Motsa jiki nake yi. Suga gare ni."

Malam Audu ya dubi akuyarsa, ya dube ni. "Baiwar Allah, da ni da wannan dabba duk ba mu da suga!"

Ƙosan Asabe ya ƙone ƙurmus, na sha tsiya har na gode Allah. Amma ban fasa fita ba. Yanzu mata da dama muke takawa tare, har da Asabe mai hawan jini. Sugana ya sauka, malamar asibiti har tafa mini ta yi, ƙafafuna kuma suna nan biyu cif.

Abin da na koya: a garinmu, kafin ki bi maganar asibiti, fara sanar da maƙwabta. Har yau in muka wuce, Malam Audu kan ɗago kai ya ce, "Na lafiya ne ko in kwance akuya?"